Gefen da Aka Datse

Mai firam yana durƙushe gaban kwandon shara, hannuwansa duk garin katako, lokacin da 'yar Baba Safiyo ta sake leƙowa shagon a karo na uku.

"Kawu, don Allah ka taho da hoton nan. Tun safe shi yake ambato, kuma numfashinsa ya fara sauyawa."

Ya ce mata ga shi nan tafe, ko ɗaga kai bai iya yi ba. Hoton kam an gama shi tun jiya, yana jingine a bango cikin sabon firam. Abin da yake nema wani guntun takarda ne mai faɗin yatsa biyu.

Baba Safiyo maƙwabcinsa ne na shekara ashirin da wani abu. Tun da ya bar aikin awon filaye, ba shi da abin yi sai tara tsofaffin hotunan garin, irin waɗanda aka zana da hannu aka buga a takarda mai kauri: tsohuwar tasha, hasumiyar agogo, gadar da aka rushe. In ya kama ka, to ka shiga uku, sai ya bi da kai layi-layi yana nuna maka yadda mai zanen ya fitar da inuwar kowace taga. Wanda ya fi so shi ne na unguwar bayan kasuwa, shi ya aiko a sa masa gilashi da ciwo ya kwantar da shi.

Shi kuwa mai firam, hannu ya riga ya saba da hotunan biki da takardun makaranta. In hoto ya fi firam girma, a datse gefe, shi ke nan. Haka ya ɗora rula a kan hoton Baba ya ja wuƙa, ko tunani bai yi ba. Sai yau da safe 'yar ta gaya masa Baba so yake ya ga gidan mahaifiyarsa, na ƙarshe a hannun dama, wanda titi ya cinye tun da daɗewa. Gefen da ya datse ke nan. Ya juye kwandon sau biyu, ya leƙa ƙarƙashin tebur, har bola ya je. Babu.

Ya ɗauki hoton ya shiga gidan, ga tsoro ga kunya. Ɗakin sai warin magani, fanka na juyawa a hankali. Baba ya rame ƙwarai, idanunsa a buɗe amma ba sa tsayawa a kan komai. Ya shafa gilashin, ya ce a cire masa, shi yanzu da hannu yake gani.

Mai firam ya zare ƙusoshin baya, ya tallafi takardar a tafin hannunsa. Baba ya laluba har ya sami bakin layin gidajen, ya soma ƙirga ƙofofi da yatsa, yana ambaton masu su da ƙyar: gidan mai burodi, gidan ungozoma, gidan direban jirgin ƙasa. Mai firam ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, amma 'yar ta riga ta ga gefen. Ta dube shi da jajayen idanu, ta girgiza kai.

Yatsan ya wuce ƙofa ta shida, ya sauka daga takardar, ya tsaya a tafin hannun mai firam.

"Yauwa," in ji Baba. "Da ɗumi. Ashe Inna tana gida."

Bai sake magana ba. Kafin rana ta karkata ya cika. Mai firam yana nan durƙushe a bakin gadon bai janye hannunsa ba, har sai da 'yar ta matso ta ɗaga yatsan mahaifinta a hankali.