Har Ayari Ya Tashi

Sau biyu Yunusu ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ƙofar Baba Hashimu, sau biyu hannun ya zarce ya gyara hula. Takardar tana aljihun gaban rigarsa, an ninke ta huɗu. Layi shida ne da Faransanci, amma maganar ɗaya ce: tsoho ya tashi daga ɗakin ƙofar gida, za a fasa bangon a mai da shi butik, wato shago.

Gidan hayar yana unguwar Habbena, ɗaki tara kewaye da famfo ɗaya. Gado ne. Kakan Yunusu ya baro Haɗeja da niyyar Makka, ya tsaya a Fort-Lamy don jakinsa ya huta. Jakin ya huta har ya mutu, kakan ya bi shi, garin ma ya sake suna, amma zuriyar tana nan tana cewa "mu fa matafiya ne". Mahaifin Yunusu, Malam Zubair, shi ya gina ɗakunan tun unguwar tana fili fetal, wai don baƙi masu wucewa.

Tun ranar da dillali ya ba mutum biyu hayar ɗaki guda, Yunusu ya sallame shi ya ce zai riƙe gidansa da kansa. Ya zauna ya rubuta dokoki goma sha ɗaya ya manna a zaure: ba daka da tsakar rana, ba wanki a bakin famfo, baƙon da ya wuce mako ya zama ɗan haya, ba kiwo. Yau shekara tara ke nan. Akwai awaki uku a tsakar gidan, kuma ɗaya daga cikinsu ce ta cinye dokoki huɗu na ƙasa.

Wannan karon dai ba wasa. Kwanon gidan ya rube, damina ta kawo kai, kuma Junaid mai sayar da wayoyi ya ce in aka ba shi ɗakin da ke kallon titi zai sake wa gidan rufi gaba ɗaya. Da safe, wajen karin kumallo, matarsa Adawiyya ta ajiye masa koko ta ce, "Malam, in takardar nan ta dawo a aljihu, ka sani tare da rigar zan wanke ta."

"Wa ke gyaran hula a ƙofata?" aka ce daga ciki. "Shigo, Ɗan Malam, inuwarka ta gaji da tsayuwa."

Ya yi sallama ya shiga, ya gaishe shi da Larabcin garin. "Afe, Baba?"

"Afe, alhamdulillahi. Zauna, shayi ya kusa."

Baba Hashimu mai gyaran rediyo ne, tun zamanin da mutane ke da rediyon da za a gyara. Ɗakin ya saba cika da gawarwakinsu har rufi, amma yau rabinsu suna cikin buhuna, bango ya fito da farare-fararen tabo inda suka daɗe jingine. Yunusu ya ɗauka shara ake yi. Randar ƙauyen Gawi da mahaifiyar Yunusu ta ba tsohon tana nan a lungunta, tana gumi. Ya ɗebi ruwa ya sha, ba don ƙishirwa ba, don bakinsa ya sami aikin yi.

"Baba, dama na zo ne..."

"Ka tuna ƙarƙashin gadon nan?" in ji tsohon, yana ɗaga buta sama yana zuba jan shayi a ƙaramin kofi. "Nan ka ɓuya ranar da ka sayar da tantabarun Malam. Ya zo da dorina ya ce, Hashimu, ka ga yaron nan? Na ce rabona da shi tun jiya. Ƙafarka kuwa tana waje, har da silifa."

"Bai gani ba."

"Ya gani mana. Ya ce, to in ka gan shi ka ce masa ya ja ƙafarsa ciki, akwai kunama."

Yunusu ya yi dariya har shayi ya zubo masa a riga. Ya taɓa aljihu, takardar ta yi ƙara. Tsohon bai kalli wajen ba.

"Ban taɓa gaya maka yadda na shigo gidan nan ba," in ji shi. "Daga Damagaram na taso, a bayan babbar mota. Muka ƙetaro kogi a kwalekwale daga Kusseri, sai aka ce hanyar Sudan ba ta biyuwa, ana harbi. Na haɗu da babanka a masallaci. Ya ce ina zuwa? Na ce gabas. Ya ce kowa a gidanmu gabas za shi, taho. Da ya nuna mini ɗakin na ce, Malam, zuwa yaushe zan zauna? Ya ce, har ayari ya tashi. Muka fasa goro, muka yi Fatiha. Kontirarmu ke nan, yarjejeniya ba tambari ba sa hannu."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. To, Ɗan Malam, ayari ya tashi."

Yunusu ya ajiye kofi.

"Abdulnasir, ɗana na Abeshe, zai turo mota ran Juma'a. Ya ce akwai ɗaki a gidansa, har da fanka. Ka ga dai Abeshe gabas ce. Shekara arba'in da ɗaya, na ci zango guda. Ba laifi ga mai tafiyar ƙasa."

Ga abin da ya zo nema an miƙo masa a faranti, ba tare da ya furta kalma ba. Kamata ya yi ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya shanye shayinsa, ya koma gida ya karɓi yabo irin na jarumin da ya tarar an gama yaƙi. Maimakon haka sai ya ji bakinsa yana cewa, "Wa ya ce ka tashi?"

"Ba wanda ya ce. Amma ina da ido. Yaron nan mai wayoyi ya auna bangona sau biyu, na biyun har ya ce in ɗan matsa. Kai kuma tun da nake ba ka taɓa zuwa gaishe ni da riga mai guga ba." Ya juya garwashi da tsinke. "Na ce bari in rage maka nauyi. Ɗan Malam Zubair ba zai iya faɗin maganar nan ba, kuma ba na so ya koya a kaina."

Yunusu ya dubi bangon. Nan ne ya fara jin labaran duniya, yana yaro, kunnensa a jikin rediyon wani da ba a zo karɓa ba. Nan mahaifinsa ke zama bayan la'asar, su biyu suna gardamar ko gero ya fi daɗi a Haɗeja ko a Damagaram, alhali shi Malam bai taɓa ganin Haɗejar ba. 'Ya'yan Yunusu in ya yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. A garin nan kaf, wannan bakin mai haƙori shida shi kaɗai ya rage da ke ce masa Ɗan Malam. Ya yi ƙoƙarin hango wayoyi jere a inda randar take, da kiɗa yana tashi daga lasifika, sai ya ga abin ya ƙi zama.

"Ba zai yiwu ba," ya ce.

"Me?"

"Ɗan haya ba ya tashi haka kawai kamar tsuntsu. Akwai pireyabi. Sai ka ba mai gida sanarwa tukuna, a rubuce."

"Ta kwana nawa?"

"Wata uku." Ya ɗan yi tunani. "Wannan na wanda ya shekara ɗaya ne. Kai kuwa kowace shekara wata guda. Wata arba'in da ɗaya."

Tsohon ya ɗaga gira. "A wace doka?"

"Tawa. Ni ke da gida. Kuma sai ka mayar mini da ɗaki yadda ka same shi."

"Yadda na same shi? Ba ƙofa, ba siminti, kaza tana kwanci a wancan lungun."

"To, nemo kazar."

Baba Hashimu ya daɗe yana kallonsa. "Takardar da ke aljihunka fa? Tun ɗazu take kuka."

"Ta rufi ce. Maganar kwano."

"Kwanon zai yi yoyo bana, ka sani."

"Bara ma ya yi. Akwai bokiti." Ya tuna fuskar Adawiyya, ya tuna masu haya takwas da za su tare shi a zaure ranar ruwan farko, kowa da jiƙaƙƙiyar katifarsa. Bai janye ba.

Tsohon ya goge ido da bakin rawani, ya ce gawayin zamanin nan hayaƙi gare shi. Sannan ya lalubo wata tsohuwar waya daga ƙarƙashin matashi, ya kai ta kusa da hanci, ya danna lamba da ɗan yatsa ɗaya.

"Abdulnasir ya riga ya yi magana da direba, kuma ni ba ya jin maganata," in ji shi, yana miƙa masa. "Gaya masa da bakinka. Ka ɗan sa Faransanci, ya fi tsorata shi."

Yunusu ya karɓa, ya miƙe tsaye, ya yi gyaran murya. Da aka ɗauka, muryar da ta fito ta ba shi mamaki shi kansa: kakkausa, ba wasa, irin wadda ya shekara tara yana nema a gidan nan bai samu ba.

"Alo, Abdulnasir? Mai gidan da babanka ke haya ne. Akwai matsala."