Tiramisun da Aka Zubar Ranar Baftisma

Ni Tersilla Bortolin ban yi makaranta ba, amma a ƙauyenmu babu auren da ake yi ba a aiko in yi tiramisu ba, kayan zaƙin nan da ake ci bayan abinci. Da ƙwan kajina nake yi, kuma ban taɓa kwantar da kowa da ciwo ba.

Jajibirin baftismar jikata, 'yar ɗana Gelindo, na yi shi a babban tangarana mai shuɗin baki. Na buga gwaiduwa da sukari har ta yi fari, na haɗa da cukun mascarpone, na tsoma biskit a gahawar da ta huce, na jera, na barbaɗe da garin koko. Da kaina na kai gidansu, na miƙa wa matarsa Orietta ta sa a firij ya kwana.

Washegari bayan an ci nama sai aka fito da wani abu a yayyanke, yana tsaye ƙiƙam kamar sabulun wanki. Tun daga nesa na san ba nawa ba ne. Baƙi na cewa na Tersilla ne, Orietta na rabawa, ba ta gyara musu ba.

Zita Pavan, wadda tun muna 'yan mata take baƙin cikin hannuna, ta ɗanɗana, ta ajiye cokali.

"Ayya Tersilla, tsufa ya sauko hannu," in ji ta. "Ko idon ne, kika zuba alli a madadin sukari?"

Aka yi dariya. Na haɗiye, don ranar jikata ce. Da zan tafi na zagaya bayan gida, sai ga tangarana kusa da bola, an kwarfe shi, ga kwalayen kanti a gefe. Kafin mako ya fita matar mai burodi, wadda ta ce in yi na auren 'yarta, ta aiko wai kar in wahalar da kaina.

Ranar Lahadi da aka fito daga coci na tare Orietta a bakin ƙofa, da tangaran a hannuna ban wanke ba.

"Ke, faɗa wa mutanen nan abin da suka ci."

"Mama, don Allah mu je gida."

"A gaban mutane aka ɓata ni, a gabansu za a wanke ni."

Ta waiwayi mijinta, wanda yake ta shafa aljihu wai neman makullin mota. "Gelindo, ko ka faɗa ko in faɗa. Na gaji da ɗaukar maka kaya."

Ashe kaza ce ta ci, ƙura na wuyan agwagwa. Ɗan da na haifa ne ya zubar. Wai shugabansu na ofis zai zo da matarsa mai ciki, wai ya gani a waya ɗanyen ƙwai na kawo cuta.

"Mama, tsoro na ji kawai," ya ce, kansa a ƙasa.

"Da ɗanyen ƙwan nan na raine ka har ka yi wannan tumbin. Da ka ce wa matar ta ci tuffa, bakinka zai yage? Kuma ka bar ni ina zagin 'yar mutane a raina mako guda."

Na juya ga Orietta na ce ta yi haƙuri. Shi kuwa na ɗora masa tangaran a hannu na ce ya wanke, ya same ni a gida.

Ya zo. Na ajiye masa ƙwai da maburgi. Ya tambaya ina injin bugawa, na ce yana inda hankalinsa ya tafi. Ƙato da gemu, bai kai ko'ina ba ya fara nishi yana canza hannu. Biskit na farko ya bar shi a gahawa har ya narke, na sa ya cinye kayansa ya sake. Tire uku muka yi.

Da suka kwana, ya ɗauka ya bi gidajen duk wanda ya ci abincin baftisma, ina bayansa da sandata. A kowace ƙofa sai ya ce, "Wannan ne na Mama. Wancan na kanti ne, ni na saya." Inda ya yi ƙasa da murya in ce ban ji ba, ya maimaita.

Zita ta ci nata a tsaye a bakin ƙofa. "Sukarin ya ɗan yi yawa," ta ce, tana kankare farantin da cokali.

Da yamma matar mai burodi ta zo da kanta, tana ta kame-kame a kan auren 'yarta. Na bar ta a tsaye har na gama ba kaji dawa, sannan na ce ta dawo jibi in gani ko tsufa zai bar ni.