Hatsin Baba Jatau

Mutum ɗaya ƙungiyar raba irin shuka ke nema a Ƙaura Namoda, amma waɗanda suka zo sun fi ɗari biyu. Daga Kano, daga Kaduna, kowa da takardunsa a leda yana hura hanci. Nazifa, 'yar ƙauyen Banga, na can kusa da ƙarshen layi. Shekara shida ke nan tana yawon neman aiki, kuma sanarwar ta ce ban da wanda ya cika shekara talatin. Wata mai kamawa za ta cika. In wannan ya wuce ta, shi ke nan.

Tun tana karatu a Zariya aka riƙa yi wa Hausarta dariya, har ta kankare Zamfaranci daga bakinta tas. Ranar ma da Kananci ta yi shirin shiga.

Hajiya Balaraba, shugabar tantancewar, ba ta ko kalli takardun kowa ba. Wani tsohon manomi ta ɗauko daga Gurbin Ɓore, Baba Jatau, ta ce kowa ya cike fom da bayanin gonarsa. Duk wanda ya tambaye shi abin da yake nomawa sai ya ce hatsi. Su ce wane iri, gero ko dawa? Ya ce hatsi dai. Masu digiri suka yi ta fitowa suna cewa tsohon ya ruɗe, alhali su ne a ruɗe.

Da aka kira Nazifa, ta tarar ransa ya gama ɓaci. Tausayinsa ya kama ta, Kanancin nan ya gudu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi ruwa da iyali, sannan gona.

"Hatsi na, ɗiyata. Mi suka so in ce?"

Ta rubuta gero, don a ƙasar nan gero kaɗai ake kira hatsi. Daga nan tsoho ya saki baki, har tsutsar da ta ci masa zangarniya bara sai da ya faɗa. Fom ya cika, ta juya bayan takardar ta ci gaba da rubutu.

Hajiya ta karanta, ta sallami sauran layin, sannan ta tambaye ta a wace makaranta ta koyi wannan.

Idon Nazifa ya ciko da ƙwalla. Ta tuna shekarun da ta yi tana jin kunyar bakin uwarta.

"Da shi anka haihe ni, Hajiya."