Kanwa Daga Assakio

Duk wanda ya zauna a unguwar su Hajja Asama'u a Lafia, cikin shekarun nan na tamanin da 'yan kai, ya san ana yawan biyawa ta zaurenta kafin a kai ga asibiti. Ba boka ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita likita ce ba. Tsohuwa ce dai mai ido, Babarbariya, wadda ta gaji 'yan dabaru wajen mahaifiyarta. Mai tari, ta ce ya matse lemon tsami a ruwan ɗumi ya sa zuma cokali guda. Mai mura, a dafa masa citta da kanumfari, a lulluɓe shi da bargo ya yi surace. Mai faso a ƙafa, man kaɗanya ne safe da yamma. Amma in ta ga yaro idonsa ya faɗa, jikinsa ya yi zafi rau, to babu wasa. "Ku ɗauke shi ku yi asibiti yanzu," in ji ta. "Wannan ya fi ƙarfin tukunyata."

Tana da wasu ka'idoji da take maimaita wa mutane har yara suka haddace. A sha ruwan ɗumi da safe kafin a sa komai a baki. In an ci abinci a taka ƙafa, ko da zuwa ƙarshen layi ne. Babbar kuwa ita ce: kada ka ci da fushi, kada ka ci kai kaɗai.

To, an ce wanzami ba ya son jarfa. A kakar shekarar tamanin da biyar, sai ga ciwo ya kama mai magani. Cikinta ya kumbura, ƙwarnafi ya hana ta sakat, loma biyu in ta yi sai ta ture kwanon. Ta sha jiƙon tsamiya, ta tauna tafarnuwa, ta dafa citta har harshenta ya gaji, shiru. Ɗanta Modu, wanda ke koyarwa a Obi da iyalinsa, ya zo ya kai ta asibiti. Aka auna nan, aka auna can, likita ya ce bai ga komai ba, sai dai Mama ta rage tunani.

"Tunanin me?" ta ce da Modu a hanya. "Ni da jikoki goma sha ɗaya?"

Amma ta sani. Ciki ai ba ya yi wa mai shi ƙarya.

Hajja tana da ƙanwa guda ɗaya tak, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Zuwairatu, tana aure a Assakio tana sana'ar daddawa. Shekara uku da suka wuce, da matar Modu ta haihu, Zuwairatu ta zo ta kwana uku tana hidima. Ranar suna ita ta dama wa mai jego kunun kanwa. Mata suka ɗanɗana, suka shiga yabo, har wata daga dangin mai jego ta ce, "Ashe ƙanwar ta fi yayar hannu!" Maganar nan ta soki Hajja. Ta karɓi ludayin, ta kurɓa, ta tofar a gaban kowa. "Wannan kunu ne ko sabulu? Shekara hamsin ba ki iya auna kanwa ba?" Aka kwashe da dariya. Zuwairatu ta ajiye ludayi, ta ɗauki mayafinta, ta fita tun ba a raba naman suna ba. Tun daga ranar, ba aike ba sallahu. Hajja ta ce ita ce babba, ƙarama ce za ta zo. Salla shida ta wuce, ƙarama ba ta zo ba. Ga maigidan Hajja ya daɗe da rasuwa, sai ya zama mai hana mutane ci su kaɗai ita ce kullum take rufe ƙofa ta ci tuwonta ita ɗaya.

A ɗakunan baya na gidan akwai wasu baƙi, 'yan ƙabilar Tibi ne, Ortese ma'aikacin reluwe da matarsa Nguavese mai sayar da doya. Hausar Nguavese ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Ita ma Hajja bakinta ya kasa sunan, sai ta mai da shi Gwabese. Haka suke zaune, kowa yana karya sunan abin ɗan'uwansa, ba mai jin haushi.

Wata Laraba da hantsi, Hajja tana shan rana a gindin mangwaron tsakar gida, Nguavese ta zo ta durƙusa.

"Mama, yaya ciki? Har yanzu yana fushi?"

"Yana nan yadda kika san shi, Gwabese."

"Gobe ni za je Assakio sayi doya. Me za kawo maka?"

"Maki ake cewa, ke! Ni mace ce."

"Duk ɗaya, Mama."

Hajja ta yi dariya, sai kuma ta tuna kanwarta ta ƙare, wadda aka sayo mata kwanan baya kuwa rabinta yashi ne. Ta san akwai wani tsoho a kasuwar Assakio da yake kawo mai kyau daga arewa.

"Ki zo mini da kanwa," ta ce. "Ta Assakio nake so. Na daɗe rabona da ita. Ina jin ita kaɗai ce za ta kwantar mini da cikin nan."

Nguavese ta tsaya tana kallonta. "Ina za same shi?"

"Ki shiga layin masu daddawa ki tambaya. Ba wanda bai sani ba."

Nguavese ta dafe ƙirji da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka, Mama. Za kawo shi, ko da goyo ne."

Hajja ta bi ta da kallo tana murmushi. Ɗan ƙullin kanwa har da goyo? Yaran yanzu dai akwai zuzuta abu.

Washegari bayan la'asar, tana kan tabarmarta tana jan carbi, sai ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida, ana sauke doya. Can sai ga Nguavese ta shigo da sauri, fuskar nan kamar an yi mata bushara.

"Mama! Ga shi na kawo!"

Hannunta babu komai. A bayanta kuwa wata murya ta yi sallama, muryar da Hajja za ta gane ko a tsakiyar kasuwa. Zuwairatu ce. Ta rame kaɗan, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, zanenta na zaman kasuwa ne, ƙamshin daddawa yana tashi daga jikinta.

Carbin ya tsaya a hannun Hajja. Nan take ta gane abin da ya faru. Mu da muka tashi cikin Hausa mun san tazarar da ke tsakanin kanwa da ƙanwa: ɗaya ana jefa ta a kunu da tukunyar wake, ɗaya kuwa nono ɗaya kuka sha. Amma a kunnen Nguavese, da na rabin mutanen kasuwar Lafia, kalma ɗaya ce. Ga shi ita ruwan toka take sa wa miyarta, ba ta damu da kanwa ba. Labarin ƙanwar Hajja kuwa ta sha jin sa a bakin matan unguwa. Sai ta shiga layin masu daddawa tana tambayar ina ƙanwar Hajja Asama'u ta Lafia, aka nuna mata.

Zuwairatu ta durƙusa a bakin tabarma. "Yaya, sannu da jiki. An ce kin ce ni kaɗai ce maganin cikinki. Kayana na bar wa maƙwabciyata. Ko gida ban koma ba, saƙo na aika wa Malam."

"Sannu da hanya," in ji Hajja. Ta sa Nguavese ta kawo ruwa a randa, ta tambayi Malam mijin Zuwairatu, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi damina da yadda doya ta yi bana. Nguavese ta ga aikinta ya yi kyau, ta koma wajen kayanta tana 'yar waƙa.

Suka rage su biyu. Hajja tana kallon hannun ƙanwarta, yatsun nan da ƙwayar ɗorawa ta baƙanta, tana shawara da zuciyarta. In ta yi shiru, shi ke nan, zumunci ya dawo a ɓagas, ba ta sunkuyar da kai ba. In ta faɗi gaskiya, wataƙila Zuwairatu ta tashi, kuma wannan karon har abada. Amma ta tuna abin da ita kanta take gaya wa mata: cikin da ya haɗiye magana shi ke kumbura. Shekara uku tana haɗiya. Za ta ƙara da wata?

"Zuwaira," ta ce, "akwai maganar da zan gaya miki. Ban aika a kira ki ba."

Zuwairatu ta ɗago kai.

"Kanwa na ce a kawo mini. Ta kunu. Yarinyar nan ce kunnenta bai raba su ba."

Zuwairatu ta ajiye kofin ruwan a hankali. Ta miƙa hannu ta jawo mayafinta, daidai yadda ta yi ranar suna.

"To, Yaya. Allah ya ƙara sauƙi. Bari in je tasha kafin motoci su ƙare."

Hajja ta damƙe bakin mayafin.

"Zauna. Wancan karon na bar ki kin fita, yau ba zan bari ba. Bakina ne ya aika a kawo kanwa, amma cikina ke ya aika. Ya fi ni gaskiya." Ta numfasa. "Kunun nan ba abin da ya yi. Ji na yi ana cewa kin fi ni hannu, sai shaiɗan ya hau kaina, ni da girmana. Na kunyata ki a gaban surukai. Ki yafe mini, 'yar Inna."

Rabon da wani ya kira Zuwairatu da wannan suna tun mahaifiyarsu tana da rai. Ta tsaya a rabin miƙewa, ba ta zauna ba, ba ta tafi ba. Sai ta goge ido da gefen mayafin da ke hannunta, ta koma kan tabarma.

"Kanwar ta ɗan yi yawa kam," ta ce ƙasa-ƙasa. "Hannuna ne ya kuɓuce."

"Na sani. Ai harshena bai mutu ba."

"Kin gani ko! Har yanzu ba ki daina ba."

Suka dubi juna, dariya ta ƙwace musu, irin wadda take zuwa da hawaye. Zuwairatu ta kwance bakin zanenta, sai ga ɗan dunƙulen jar kanwa a ƙulle. "Da aka ce ciki ne, na tsaya wajen tsohon nan na karɓo. Ai na san halin cikinki tun muna yara."

Ta shiga madafa kamar jiya ta bar ta. Ta hura wuta, ta jiƙa kanwa a ƙoƙo, ta tace, ta kwaɓa garin gero da citta da kanumfari. Da aka zo zuba ruwan kanwar, ta miƙo wa Hajja ƙoƙon.

"Ungo, auna da kanki, kada a sake jin kunya."

"A'a. Ke za ki auna."

Kunu ya yi, aka juye a ƙwarya guda, aka kira Nguavese, aka kawo ludayi uku. Hajja ta sha, ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Can sai ta yi wata doguwar gyatsa da ta sa kajin tsakar gida suka watse.

"Alhamdu lillahi," in ji Zuwairatu. "Kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta."

Nan suka zaunar da Nguavese suka warware mata zancen. Ta rufe baki da hannu, ta ce ta shiga uku. Hajja ta ɗaga ragowar dunƙulen. "Wannan kanwa." Ta dafa kafaɗar Zuwairatu. "Wannan ƙanwa. Faɗi in ji."

"Kanwa," in ji Nguavese. Ta sake gwadawa, ta matse maƙogwaro. "Kanwa. Kai, Mama, duk ɗaya!"

"Yau kam duk ɗaya ne, Gwabese. Tashi mu taka ƙafa."

Rana ta yi sanyi. Suka yafa mayafai suka fita, Hajja a tsakiya, suna tafiya sannu zuwa ƙarshen layi. Matan unguwa suna leƙowa ta ƙofofi suna yi wa Zuwairatu maraba, Hajja kuwa tana tambayarta ko akwai sauran daddawa a ƙullinta, don gobe miyar kuka take marmari, da tuwo mai yawa.