Jarrabawar da Na Ci wa Tsohuwa

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma ba a taɓa kayar da ni ba. Shekara arba'in ina jan babbar mota, sau biyu tana kifewa da ni, sau biyu ina fitowa ta taga ina kaɗe riga. Shi ya sa a tasha ake ce mini Ƙarfe. To Ƙarfen nan, ciwon mantuwar matata ne ya lanƙwasa shi.

Tsohuwa, haka nake kiranta, ta fara da ajiye mabuɗi cikin firji. Ran nan na fita sayen magani, minti ashirin bai cika ba, na dawo na iske tukunya ta ƙone a kan gas, hayaƙi ya turnuƙe gidan, ita kuwa tana bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya, wai tana jiran uwarta da ta rasu shekara talatin.

Autarmu ce ta nemo wata ƙungiya mai taimakon masu wannan ciwo. Ta ce suna turo mai kula sau uku a mako, likitocinsu kuma suna bincike a kan cutar. Amma sai sun gwada mutum tukuna, su ga inda ciwon ya kai.

Na ce, "Jarrabawa ke nan."

"Baba, tambayoyi ne kawai. Don Allah kada ka sa baki."

"Ke kika haife ni ko ni na haife ki?"

Wani maƙwabcina da aka taɓa gwada yayarsa ya zayyana mini tambayoyin kaf: yau wace rana, wane wata, a riƙe abu uku a ka, a zana agogo. Kwana shida ina koya mata safe da yamma. Matar Ƙarfe ba za ta ji kunya a gaban baƙi ba.

Ranar gwajin aka sa mu a wani ƙaramin ofis, an juya fuskar kalanda ga bango. Na ja kujera na zauna daidai bayan nas ɗin da za ta yi tambayoyin, inda Tsohuwa ke ganina. Aka tambayi rana, na motsa leɓe, ta ce Laraba. Nas ta ce ta riƙe hula, kwalba, doki. Da aka zo maimaitawa na taɓa hulata, na nuna kwalbar ruwan da ke tebur, na kama linzami a iska ina sukuwa a kan kujera. Agogo kuwa hannunta ya riga ya haddace. Na fito ina taku ɗai-ɗai.

Bayan mako guda takarda ta zo, Auta ta karanta. Wai ciwon bai yi nisa ba, ba ta bukatar mai kula yanzu, a dawo bayan wata shida.

Na ce, "Ta ci ke nan!"

"Kai ka ci, Baba. Ita kuma wa zai tsare ta in ka fita?"

Abin da kifewar mota ba ta yi mini ba, takarda ta yi.

Washegari na koma ofishin, na cire hula na faɗa wa nas gaskiya, har da dokin. Ta zare gilashinta ta dube ni.

"Baba, gurbin mai kular nan mun ba wata. Kuma amsoshin sun shiga binciken likitoci, sai mun bi mun cire su. Ka sa mun auna kanka maimakon nata."

"To ai kan nawa ma abin aunawa ne, 'yata."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ba mu wata ranar, bayan mako biyar, da sharaɗin in zauna a waje.

Na zauna a benci, ƙofa ba ta rufu sosai ba. Aka tambayi rana, shiru. Hula, kwalba, doki, ko ɗaya. Yatsuna sai nuna amsa suke a kan gwiwa, babu mai gani. Can na ji nas ta ce, "Mama, wa ya kawo ki?"

"Wani tsoho ne. Ina jin direba ne. Ga surutu."

Shekara hamsin da biyu da aure.

Ta faɗi warwas, suka rubuta sunanta. Amma layi ya yi tsawo, sai nan da wata uku mai kula za ta fara zuwa. Wata ukun nan ni na jawo su. Na kwance kan tukunyar gas na jefa a aljihu, da shi nake zuwa ko'ina, kuma ko'inan bai wuce bakin ƙofa ba.