Ƙafa Uku a Gonar Likita

Shekara arba'in da ɗaya Orval Tackett ya yi yana horar da karnukan tsere a jihar West Virginia, kuma da za ka tambaye shi, sai ya rantse bai taɓa zaluntar ko ɗaya ba. Abin da ya tarar mahaifinsa na yi shi yake yi: in kare ya karye, a yi masa allura ya huta. A wurinsa wannan shi ne tausayi.

Sai ga shi Tansy, baƙar karyar da ya fi ji da ita, ta faɗi a kwanar farko ta filin tsere, ƙafarta ta baya ta ragargaje. Kiɗa kuwa ya riga ya canza: yanzu ba a yi wa kare allurar mutuwa sai likitar hukumar tsere ta sa hannu a takarda. Likitar kuwa, Renata Boggs, ta ce atafau ba za ta sa ba. Ta sa aka yanke ƙafar, ta yi jinyar Tansy wata huɗu a gonarta. Shi kuma Orval, da yake taurin kai gadon gidansu ne, ya ce karyarsa ce, ba zai bari ta ƙare rayuwarta tana ɗingishi a ɗakin wani ba, gara a yi mata allurar.

"Zo ranar Asabar ka gan ta," in ji Renata a waya. "In ka gani kana nan a kan bakanka, zan sa hannu."

Ya zo da hantsi, takardar a aljihu, agogon awon gudu rataye a wuya.

"Har da agogo, tsoho? Jarrabawa za ka yi mata?"

"Likita, ke littafi kika karanta, ni karnuka na karanta. Babu zomon roba da za ta bi kamar a filin tsere, babu 'yan kallo, ga ƙafa uku. Me zai sa ta gudu? Kare ai ba ya gudu a banza."

"To, malamin karnuka. Matsa min."

Ta buɗe ƙofar shinge. Tansy ta fito tana tsalle-tsalle, tafiya marar kyan gani, gefen da aka yanke ya yi fayau. Ta shinshina takalmansa, ta jingina da gwiwarsa kamar yadda ta saba. Zuciyar Orval ta karye, hannunsa ya tafi aljihu.

Sai ta ɗaga kai ta dubi filin. Babu wanda ya kira ta, babu abin da ya gifta. Ta dai zabura.

Taku biyu na farko ta yi tangaɗi. A na uku jikinta ya miƙe, bayanta ya lanƙwashe ya sake miƙewa, ƙafar bayan nan guda ta bugi ƙasa har ciyawa ta tashi. Daga nan ko rantsuwa aka ba ka, ba za ka iya cewa ƙafa nawa gare ta ba. Da ta kai tsakiyar fili, inda babu kwana babu alama, ta karkata hagu kamar a filin tsere, ta zana da'irarta a kan raɓa, ta nufo su.

Tsikar jikin Orval ta tashi. Karnuka dubbai sun wuce ta gabansa, amma kullum da takunkumi a bakinsu, shi kuma idonsa na kan agogo. Yau ne ya fara ganin fuskar kare yana gudu: baki buɗe, kunnuwa kwance, murna tsantsa. Ta wuce su, iskarta ta kaɗa masa wando. Tsoro ya kama shi, irin wanda ke kama mutum in ya ga abin da ya fi ƙarfin saninsa.

Sau uku ta zaga, sannan ta zube a ƙafarsa tana haki.

"Daƙiƙa nawa ta yi?" Renata ta tambaya a hankali.

Ya duba agogon. Ashe ko danna shi bai yi ba.

"Ki ba da ita ga wanda yake da fili," ya ce da dasasshiyar murya. "Babban fili. Ara min biro."

Ya ciro takardar, ya juya bayanta, ya ɗora a kan shinge ya fara rubutu. Duke. Sorrel. Pepper.

"Me kake rubutawa, Orval?"

"Karnukan da ban jira su warke ba."

Takardar ta cika, sunayen ba su ƙare ba.