Jan Ƙwan Inna Polikseni

A shekarun da aka mayar da cocin ƙauyenmu rumbun masara, babu abin da muke tsoro a nan Albaniya kamar jan ƙwai, irin wanda Kirista ke rinawa don Ista, tunda gwamnati ta haramta addini. Bindiga ma in an kama ka da ita, ka ce ta kakanka ce, ka manta da ita a rufin ɗaki. Amma ɓawon jan ƙwai a makon Ista, me za ka ce? Gidan Miho mai gyaran takalma ɗan ɓawo aka tsinta a jujinsu. Mota ta zo ta kwashe su har da tsohuwarsu zuwa fadamar sauro can gangare, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Wanda ya kai ƙarar, Allah kaɗai ya san shi. Mu dai kowa ya koma kallon maƙwabcinsa ta wutsiyar ido.

Ni Eftali, a lokacin ina da goyo, mijina Lambi kuma an tura shi aikin titin jirgin ƙasa. Daga ni sai 'yata sai surukata, Inna Polikseni, wadda ƙafa ta riga ta kwantar da ita amma bakinta na nan garau.

Ana gobe Alhamis mai tsarki ta kira ni bakin gadonta.

"Amarya, gobe za ki rina mini ƙwai."

Na leƙa taga tukuna kafin na amsa. "Inna, ki rufa mana asiri. Kin manta gidan Miho?"

"Guda ɗaya tak. Bana ce Istata ta ƙarshe, na ji a ƙashina. In tafi gaban Ubangijina ban riƙe jan ƙwai ba?"

"Bara ma haka kika ce."

"Bara ƙarya ƙashin ya yi mini. Bana da gaske yake."

Ba na iya musu da ita. Da asuba na toshe taga da bargo, na dafa saiwar rini wadda muke rina ulu da ita, na zuba ruwan tsami, na saka ƙwai. Ya fito ja wur, gwanin kyau. Sai na yi abin da uwata take yi, da uwar uwata: na ɗauko shi da zafinsa, na shafa masa mai da tafin hannu don ya yi sheƙi. Su a zamaninsu jan hannu ranar Alhamis ado ne, har nuna wa juna suke yi a bakin rijiya. Ni kuwa hannuna duk kaushi da tsaga saboda fartanya. Rinin ya bi kowace tsaga ya shige, ya zauna a gindin farce. Na dirje da toka, na dirje da yashi, har fata ta fara ɗayewa. Ja na nan daram.

Ina cikin dirza aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Lefteri ce. Bari in gaya muku wace ce Lefteri. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Baƙuwa ce daga wani gari, mijinta ne ke riƙe da makullin rumbun nan da a dā coci ne, ita kuma ke share ofishin jam'iyya. Gidansu kaɗai ke da rediyo a layinmu. Ran da aka kwashe su Miho, an gan ta tsaye a ƙofarta ta naɗe hannu, ko ƙwalla. Kuma tana da wata ɗabi'a: ba ta tashi aron kaya sai a lokacin da ba ka son a shigo maka.

"Maƙwabciya, a san mini garwashi, wutata ta mutu." Ta shigo ba a ce ta shigo ba, tana shinshina iska. "Kai, tsami nake ji. Da sassafen nan?"

"Kabeji nake jiƙawa," na ce, hannuna na dama cikin aljihun zanen girki.

"Kabeji a bazara! Ke kam gonarki ta musamman ce." Ta juya wajen gado. "Gwaggo, an tashi lafiya? Yau na ga fuskarki tana walƙiya kamar mai jiran baƙo."

"Mutuwa nake jira, 'yar nan," in ji Inna. "Ko ke ce aka aiko?"

Lefteri ta ƙyalƙyale da dariya. Na ɗebo mata garwashin da hannun hagu. Ta dubi hannun, ta dubi aljihuna, ta fita.

Na naɗe hannun da tsumma na tafi gonar haɗin gwiwa, inda muke dashen taba. Da hantsi Kwamared Sotir, shugaban aikinmu, ya hau kan kunya ya yi gyaran murya.

"Gobe da safe malamar asibiti za ta zo duban ƙazuwa. Kowace mace ta hallara a dandali, a nuna hannu ciki da baya."

Babu wadda ta ɗaga kai. Ƙazuwar da ba ta tashi zuwa sai Juma'ar Ista, mun san ta: jan hannu za a duba.

Lefteri ce a kunyar da ke kusa da tawa. "Me ya sami hannun?"

"Lauje."

"Lauje a lokacin dashe? Bari in gani, na iya ɗauri."

"Ya riga ya ɗauru."

"To, Allah..." Ta haɗiye sauran. "To, a samu sauƙi."

Wannan ma na lissafa mata shi cikin makirci. Na ce tarko ne, so take in saki jiki in ambaci sunan Allah a gabanta. Da aka tashi cin abinci kuwa sai ga ta can gindin goro na turawa tare da Sotir, tana magana ƙasa-ƙasa, shi yana gyaɗa kai. Har sau biyu ta nuno wajenmu da haɓa.

Da yamma na shiga gida, na kwantar da yarinya, na zuba wa murhu itace har ƙarfen ya yi ja. Na kwance tsumman.

"Me za ki yi?" in ji Inna.

"Zan ɗora hannun a kai. Ƙuna ba laifi ba ce. In fatar ta tashi, jan ya tafi da ita."

"Zo nan."

"Inna, Lefteri ta gani! Na gan ta da idona tana gaya wa Sotir, tana nuno mu da haɓa. Gobe mota ce. Ke a fadama ko mako ba za ki yi ba, yarinyar nan kuma zazzaɓi ya cinye ta."

"Na ce zo nan, mai kunnen ƙashi."

Na je. Ta kama hannun ta juya shi tana kallo, kamar wadda ke taya zane a kasuwa.

"Kin ji abin da ta gaya masa?"

"Ban ji ba."

"To kin ga haɓa ta motsa, har kin hau mota, kin isa fadama, kin binne ni. Sannu da hanya." Ta matse yatsuna. "Hannun nan ba ke kika yi shi ba, ba ki da ikon gasa shi. Da wanne za ki ɗauki jikata?"

"To in zauna in jira?"

"Ki zauna ki yi addu'a. Ni ma tsoron nake ji, kada ki ɗauka dutse ce ni. Tun ran da suka sauke ƙararrawar coci ban yi barcin kirki ba. Amma kullum nakan ce masa, Ubangiji, ga tsoron nan, ya fi ƙarfina, riƙe mini. Ya riƙe mini zuwa safiya. Da safe in na karɓe abina, in sake miƙa masa."

"In kuma motar ta zo fa?"

"In ta zo, a can ma yana nan. Ko kin ji an ce ya tsaya a bakin fadama saboda sauro?"

Dariya ta kuɓuce mini cikin kuka. Na durƙusa a gefen gadon, muka yi addu'ar Ubangiji da leɓe kawai, don katangarmu da ta Lefteri ba ta da kauri. Ba zan ce muku tsoron ya tafi ba. Bai tafi ba. Amma na bar murhun ya huce.

Da safe na ɗaura wa yarinya kaya biyu a jiki saboda ko ta kwana, na kai ta gidan reno, na nufi dandali kamar mai zuwa mahauta. Ina karyo kwana sai hayaƙi. Ga babbar tukunyar da ake dafa wa ma'aikata wake an girka a tsakiyar fili, ruwa ja yana tafasa a ciki. Ga tarin tutoci da ƙyallaye a ƙasa. Ga Lefteri ta ɗaure ƙugu tana ba da umarni kamar ita ta haifi garin.

"Ku matso! Bikin ma'aikata na ɗaya ga Mayu ya ƙarato, ku dubi tutocinmu, sun koɗe sun zama kalar hanta. Baƙi su zo daga birni su ga wannan? Kwamared Sotir da kansa ya ce a rina su yau, kafin malamar asibiti ta iso."

Sotir na gefe yana shafa gashin baki, ya ji daɗin an ambace shi.

Idonta ya sauka a kaina. "Ke mai lauje, fara zuwa. Kullum ke ce ta ƙarshe in aiki ya tashi."

"Hannuna..."

"Ruwan ɗumi maganinsa ne."

Ta cafko wuyan hannuna, ta juya wa Sotir baya, ta fizge tsumman. Na ce shi ke nan, yanzu za ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Sai ta ɗora mini tuta a kai, ta danna hannun da tutar cikin wani kwanon ruwan rini da ta sirka, har gwiwar hannu.

"Matse da kyau," ta ce da ƙarfi. Sannan a hankali, ba ta ko dube ni ba: "Gaba ki riƙa amfani da cokali, sakarya."

Ban gama fahimta ba sai na ga abin da ban taɓa gani ba a ƙauyenmu: mata suna rige-rigen aikin jam'iyya. Matar mai niƙa, wadda tun jiya hannunta ke cikin mayafi wai sanyi take ji, ta ture ni ta tsunduma nata. Tsohuwa Urani, da ko gaisuwa ba ta amsa mini don tana zargina, ta zo da gudu tana ɗingishi. Muka haɗa ido a kan kwanon, kowa ta sunkuyar da kai. Ashe duk shekarun nan kowace tana toshe tagarta da bargo, tana tsoron ta kusa da ita.

Malamar asibiti ta iso ta tarar da mata a jere, hannuwa ja har gwiwa. Ta dubi Sotir. Sotir ya dubi tutocin da ke shanye a igiya suna ɗiga, fuskarsa ta koma kalarsu. Wa zai tsaya a dandali ya yi faɗa don an rina jar tuta?

Kada ku zaci daga nan na yarda da Lefteri. Na ce wataƙila ajiye ni ta yi, ta riƙe wuyana zuwa ranar da za ta buƙata. Ko kuma dabara ce ta ganin waɗanda za su yi gaggawar tsoma hannu. Asabar ɗin nan duk ƙarar mota da na ji daga gangare sai in leƙa taga. Na miƙa wa Ubangiji tsoron, na karɓe, na sake miƙawa, kamar yadda Inna ta koya mini.

Ran Lahadi an fitar da mu aiki kamar kullum a ranar Ista. Da tsakar rana na dawo ba Inna abinci. Na tura ƙofa, na zaro ƙwan daga cikin buhun wake na damƙa mata. Tana cikin shafa shi a kumatu aka ƙwanƙwasa. Kafin ta gama tura shi ƙarƙashin matashi, Lefteri ta shigo.

"Yau kuma me ya mutu?" na ce. "Wutar?"

Ta mayar da ƙofa ta jingina da ita. Ta sa hannu a ƙirjin rigarta ta fito da jan ƙwai.

"Almasihu ya tashi," ta ce.

Duk wanda ya amsa wannan gaisuwa ta Ista ya gama shaida a kan kansa. Na dubi taga ko akwai inuwar mutum. Na yi wa Inna alama da ido ta yi shiru.

"Hakika ya tashi," in ji Inna, da muryar da rabon da in ji ta tun ana buga ƙararrawa. Ta zaro nata. "Matso, 'yar nan. Riƙe naki da kyau, ni ba na bugun wasa."

Suka gwara ƙwan, kamar yadda ake yi ran Ista. Na Lefteri ya fashe. Inna ta yi ta dariya har da tari, wai ta ci.

Lefteri ta zauna a bakin gado tana ɓare ƙwan, hawaye na zuba. "Ni nake share wurin," ta ce. "Kullum da tsintsiya a inda bagade yake. Tun da na zo garin nan ban sami wanda zan gaya wa kalmar nan ba. Kowa na gani na sai ya rufe baki."

"Su Miho fa?" na tambaya. Ya fito ne kawai.

Ta dube ni. "Ba ni ba ce. Amma in ni ce ma, haka zan ce miki, ko ba haka ba?"

Haka ne kuwa. Ba ni da hanyar sani, har yau ba ni da ita. Ta raba ƙwan uku ta miƙo mini kashi ɗaya, da jan hannunta zuwa jan hannuna.

"Almasihu ya tashi, Eftali."

Na saurari titi. Babu mota. Ko da akwai ma, na riga na gaji da riƙon abin da ya fi ƙarfina.

"Hakika ya tashi," na ce, na karɓa.

Ɓawon kuwa Lefteri ce ta tattara shi tsaf, ta daka, ta ce za ta binne a gindin inabin da ke bayan rumbu, inda babu mai tonawa sai mijinta. Inna kuma ƙashinta ya sake yi mata ƙarya. Ista ta zagayo ta same ta da ranta, ta sake kira na bakin gado. Da cokali na ɗauko ƙwan.